Kunyar Suruki a Kan Ƙanƙara

A shekarun da soja suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, manyan Rano sun shiga wata gasa da ban ga irinta ba a duk inda na zauna. Kowa yana neman abin da za a faɗa a kansa. Wanda ya je Umra ya ji an ce wani ya fi shi yawan zuwa, sai barci ya ƙaurace masa. Wanda ya gina masallaci a ƙofar gida ya tarar maƙwabcinsa ya fi shi ƙarfin lasifika. Ni a lokacin na ajiye aiki na dawo gida, ba mota, ba jam'iyya. Abin da na tara a yawona labarin ƙasashe ne, shi nake kashewa bayan la'asar a majalisar bakin tasha.

A nan bakina ya jawo mini. Wata rana ana kukan zafi, sai na ba su labarin arewacin Pakistan, inda na yi karatu ina saurayi. Na ce can akwai kogin ƙanƙara, ruwa ne da ya daskare tun daga saman duwatsu, yana gangarowa a hankali yadda ido ba ya gani. A jikinsa akwai tsagogi da suka fi kowace rijiya zurfi, dusar ƙanƙara ta rufe bakinsu, don haka masu tafiya a kansa sai sun ɗaure juna da igiya, in ɗaya ya rufta sauran su riƙe shi. Can sama kuma akwai mashiga, wato wuyan dutse inda ake tsallakawa daga wannan kwari zuwa wancan, iskar wurin ba ta ƙosar da huhu.

A cikin masu sauraro akwai wani Alhaji mai manyan motoci, waɗanda ke kwasar masara da rake daga Rano da Kibiya zuwa birni, yana kuma harin kujerar siyasa. Bai tambayi sanyi ba, bai tambayi ramuka ba. Cewa ya yi, "Malam, a duk ƙasar Rano akwai wanda ya taɓa hawa wurin nan?"

Na ce, "Ga ni."

Ya ce, "Ban da kai. Ina nufin sanannen mutum."

Dama yana shirin zuwa ƙasar don ya ga masu ƙera babur mai ƙafa uku, saboda an fara hana mata hawa acaɓa, kuma shi hancinsa ba ya kuskuren inda riba take. Yana bukatar mai jin Urdu, harshen ƙasar. Sai ya haɗa biyu: in yi masa tafinta a kasuwa, in kai shi mashiga. Na yarda, domin ni ma ina marmarin sake ganin wurin kafin gwiwoyina su yi mini tawaye.

Mutum biyu ya ƙara a tafiyar. Na farko taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, mai sayar da taki a Lausu. Tsakaninsu akwai wasan nan na ɗan mace da ɗan namiji, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma a duniya shi kaɗai ke iya gaya wa Alhaji magana a fuska. Na biyu surukinsa ne, mijin babbar 'yarsa, manomi daga Unguwar Gai. Magidanci ne cikakke mai 'ya'ya, ƙaƙƙarfa, wanda ke saɓa buhun masara ba tare da an ɗora masa ba. Ba shi ya nemi zuwa ba. An ce masa ya shirya, ya shirya.

Na ce sai mun gwada ƙafafunmu tukuna. Muka zaɓi dutsen da ke bayan gari. Alhaji ya zo da babbar riga, da 'yan rakiya, ɗaya riƙe da darduma, ɗaya da kular ruwan sanyi. Ya hau rabi, ya zauna, ya dubi rufin kwanon gidajen Rano, ya ce, "To, dutse dai dutse ne." A ganinsa shiri ya ƙare ke nan.

A wurin na lura da abin da zai dame mu. An zagaya da ruwa kowa ya sha, da aka miƙa wa surukin sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. Gumi na zuba a wuyansa. Na san dalili, kowa ya sani: mutum ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa. Na taso a cikin wannan al'ada, ban kuma raina ta ba. A zaure tana da kyau. Na ga wadda ta fi ta tsanani a wurin Fulanin Adamawa, na kuma ga akasinta a Faransa, inda suruki ke miƙa hannu cikin farantin uban matarsa yana musu da shi a kan siyasa, abin da har yau ba na son gani. Amma al'adar tamu an gina ta ne a kan cewa akwai bayan gida, akwai wani zaure, akwai rumfar mai shayi inda mutum zai je ya cika cikinsa ya dawo ya ci gaba da kunyarsa. Inda za mu babu ko ɗaya.

Da muna saukowa na ja shi gefe. Na ce, "Can in mutum bai sha ruwa da yawa ba, jininsa kauri yake yi, iska ta ƙi isar sa. Mutuwa ake yi, ba wasa ba."

Ya ce, "In sha Allahu za a kiyaye, Malam."

Na daɗe da sanin cewa in Bahaushe ya ce za a kiyaye, ya rufe maganar ne cikin ladabi.

Harkar babura ba ta ɗauke mu lokaci ba. Daga nan mota ta kai mu ƙauyen ƙarshe, inda hanya ta ƙare. Muka ɗauki jagora, mutumin ƙauyen, Musulmi irinmu, da 'yan dako masu ɗaukar tantuna da abinci. Muka bar wata jaka a gidan da muka sauka, cike da kayan da ba za su yi amfani a sama ba, har da babbar rigar, bayan doguwar muhawara. Hular ce dai Alhaji ya ƙi rabuwa da ita.

Kwanakin farko a kan duwatsu da tsakuwa muka yi tafiya, kuma surukin ya sami dabara. Yakan tsaya a baya kamar yana gyara takalmi, ya kurɓi ruwa, ya tauna wani abu. Da muka hau kan ƙanƙarar kanta, dabara ta ƙare. Fili ne fari fat, ba bishiya, ba dutsen fakewa, mutum na ganin ɗan'uwansa daga nesa kamar ƙuda a cikin nono. Jagora ya ɗaure mu, ya ce ba mai kwance igiya tun daga fita har sauka, ko da uzuri ne, sai dai mutum ya juya baya ya tsuguna a inda yake. Igiya biyu ce, tamu da ta 'yan dako. Alhaji ya so ya shiga gaba, da ƙyar na fahimtar da shi cewa na gaba shi ke fara faɗawa rami. Nan take ya ce jagora ai shi ya san hanya, bai kamata a shiga haƙƙinsa ba. Ya ɗauki na biyu, ya sa surukinsa a bayansa.

Ka ga lissafin da bawan Allah nan ya yi a ransa. In ya sha ruwa da safe, zai bukaci tsugunawa da rana. In zai tsuguna, igiya za ta tsaya, Alhaji zai waiwayo ya ga dalili. Saboda haka ya daina sha. Abinci kuwa a tanti ɗaya ake ci, mu duka a zagaye. Shi yakan zuba wa Alhaji shayi, ya miƙa masa gurasa, ya fita ya tsaya a waje cikin iska har mu gama. Kafin ya zo kan nasa rabon ya sandare, sai ya ɗan taɓa ya ture.

Akwai kuma gaisuwar safe. Kullum sai ya zo bakin tantin Alhaji, ya kwance takalmansa, ya durƙusa da safa a kan ƙanƙara. "Baba, an tashi lafiya? Ya gajiya? Ya sanyi?" Alhaji daga cikin bargo yana amsawa a tsanake, ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar ko an ɗora ruwan alwalarsa. Sannan surukin ya mayar da jiƙaƙƙiyar safa cikin takalmi, a yini da ita.

Jagora ya tambaye ni ko mutumin nan azumi yake yi. Na yi masa bayani. Ya ce su ma suna girmama surukai, amma a gida suke barin abin, tare da awaki.

Na sami Alhaji. Na ce, "Alhaji, yaron nan ba ya ci, ba ya sha. Saboda kai ne."

Ya ce, "Ni na hana shi? Tarbiyya ce, Malam. Gidansu gidan mutunci ne, shi ya sa na ba shi 'yata."

"To ka riƙa cin naka a tantinka, shi ya ci tare da mu."

"In ci abinci ni kaɗai kamar maye?"

"To a mayar da shi igiyar 'yan dako, inda ba ka ganinsa."

"Surukin nawa a cikin 'yan dako? In aka ji a Kibiya a ce me?"

Na dubi fuskarsa na gane ba rashin fahimta ba ne. Daɗin abin yake ji. A tsakiyar wannan farin daji, inda ba wanda ya san yawan motocinsa, inda 'yan dako ke kiransa da tafa hannu kamar kowa, durƙuson surukin nan shi ne kaɗai abin da ke tuna masa shi wane ne. Ba zai sake shi ba.

Na koma wurin surukin, na tarar da shi yana narkar da ƙanƙara don alwalar Alhaji, wanda ya ƙi taimama domin a cewarsa ta ragwaye ce. Leɓunansa sun tsattsage. Na miƙa masa kofi na ce, "Sha, ba ya ganinka."

Ya kurɓa kaɗan ya ajiye. "Malam, in na sha yanzu, anjima fa?"

"Anjima ka tsuguna kamar kowa. Shi ma ai tsugunawa yake yi."

"Shi babba ne. A ce na tsayar da Baba a hanya don wannan? Da wane ido zan dube shi?"

"Da idon mai rai."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Tarin bai tsaya ba. Da muka kai zangon da ke ƙarƙashin mashiga, da hantsi, fuskarsa ta kumbura, yana tangaɗi, ƙirjinsa na ƙara kamar ana dama fura. Jagora ya ja layi a ƙanƙara da sanda ya ce ya bi. Ya kasa. Jagora ya juyo gare ni ya ce in faɗa musu ba tare da na rage komai ba: ruwa ya fara taruwa a huhunsa, in bai sauka yau ba gobe gawarsa za a sauke. Na faɗa yadda ya ce.

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi mashiga. Ga ta nan, kamar ka miƙa hannu. Ya juya ga surukinsa ya ce, "Kai, wai ba ka da lafiya?"

Mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa ya yi ƙoƙarin durƙusawa. "Lafiya lau, Baba."

"Za ka iya ƙarasawa?"

"In sha Allahu, Baba."

Alhaji ya buɗe hannuwa ya dube ni. "To ka ji daga bakinsa."

Na yi magana da harsuna da dama a rayuwata, amma a lokacin ban sami wanda zai shiga tsakanin waɗannan biyun ba. Ɗaya ba zai ce ya gaza ba a gaban surukinsa, ɗayan ba zai yarda a ce nasa ya gaza ba.

Taubashin ne ya yi magana. Duk tafiyar nan ba abin da yake yi sai tsokana da ƙorafin rashin goro. Yana zaune a kan kaya yana murza yatsunsa, ko kallon Alhaji bai yi ba ya ce, "Bawana, ka bar shi ya hau mana. In ya mutu a sama ai ba asara, ƙanƙara ba ta ruɓar da nama. Sai dai ina so in ji yadda za ka yi. Za ka sauka a Unguwar Gai, ka yi sallama, 'yarka ta fito ta ce, Baba ina shi? Ka ce, na baro shi a firji."

Alhaji ya ce, "Kai fa ba ka da hankali."

"Ni dai ba ni zan faɗa mata ba. Kuma 'ya'yansa gidanka za a kwaso su, har da mai kukan nan. Ka ga sai ka ƙara gini. Sannan duk wanda ka nemi ƙuri'arsa zai ce, wane, wanda ya kai surukinsa ƙasar waje ya kashe? Ni kaina sai na yi tunani kafin in zaɓe ka, ga shi kai bawana ne."

Ban san wace ce ta shige shi ba, maganar 'yar ko ta ƙuri'a. Ina da zato, amma zato zunubi. Ya gyara hular da ya ɗora a kan ta sanyi. Can ya yi gyaran murya ya ce wa surukin, "Jakar nan da muka bari a ƙauye, hankalina bai kwanta da ita ba. Ban yarda da mutanen gidan ba. Ka koma ka tsare mini ita har mu zagayo."

A jakar ba komai sai babbar riga da kayan wanki. Duk mun sani.

Surukin ya ce, "To, Baba." A muryarsa har da ɗan jin daɗin an ba shi amana.

Haka aka ceci ransa. Ba wanda ya furta cewa yana ciwo, aike aka yi masa. Na ce zan bi shi, domin ba ya jin yaren kowa a ƙasa. Jagora ya ba mu 'yan dako da mataimakinsa. Suka kawo abin ɗaukar mara lafiya, ya ƙi hawa, wai Baba na kallo. Ya taka da ƙafarsa, mutum biyu na riƙe da shi, har muka sha kwanar wani tudun ƙanƙara da ya tsare mu daga zango. Yana waiwayawa ya ga ba a hango mu, sai ƙafafun suka saki. A zaune a wurin ya shanye shayin da ke cikin filas ɗina, ya nemi ƙari. Daga nan a kafaɗa aka sauke shi.

Numfashinsa ya dawo tun kafin mu kai ƙauye, kamar yadda ciwon yake in an sauko da wuri. Ƙafar ce ba ta dawo ba. Da aka cire safa, yatsun hagu sun yi baƙi. Likitan garin da muka kai shi ya yanke biyu, ya tambaye ni ta yaya mutum mai takalmi mai kyau haka ya yi wannan. Na ce masa gaisuwa ce. Ya ɗauka Urdun nawa ne ya tsufa.

Alhaji kuwa ya kai mashiga. Taubashin ya ba ni labari: 'yan dako biyu ne suka ja shi kamar ragon layya da ya hango wuƙa, da suka isa gajimare ya rufe ko'ina, ko tafin hannu ba a gani, aka tsaya daidai ɗaukar hoto aka gangara. Ni ban sake ganin wurin ba, kuma yanzu gwiwoyin sun yi abin da nake tsoro.

Da muka dawo na zaci za a yi faɗa, ko a ce wani abu. Abin da na tarar yabo ne. Labari ya zagaya Kibiya da Rano cewa ga wani ɗan halak da ya gwammace ya rasa yatsu da ya sha ruwa a gaban surukinsa. Dattawa suka riƙa zuwa dubiya suna sa masa albarka. A wani ɗaurin aure a Yalwa na ji mai wa'azi yana ba ango misali da shi. Alhaji a majalisa yakan ce, "Ni dai Allah ya ba ni suruki," ana gyaɗa kai, kamar shi ya yi wani abin kirki. Na gwada sau ɗaya in ce saura ƙiris a yi jana'iza a kan abin da bai kai ya kawo ba, aka ce Malam ya daɗe a waje, ya manta gida. Mutum ɗaya ce na ji ta ƙi shiga yabon, ita ma ta bakin mai ɗakina na ji. Matar surukin ce ta ce wa mata masu dubiya, Baba ya tafi mata da mutum cikakke ya dawo mata da saura.

Da damina ta kama na je Unguwar Gai na same shi a gona. Yana noma, amma ba kamar da ba, ƙafar ba ta riƙe kunyar gona, yana yi yana dogara fartanya. Muka zauna a gindin ɗorawa. Ban je don in yi masa faɗa ba. Na tambaye shi ne kawai, a duk abin da ya gani a can, me ya fi tsaya masa a rai.

Ya yi tunani sosai, sannan ya ce, "Malam, ni fa duwatsun nan da ake ta faɗa ban gan su ba. Baba yana gabana, ba dama in riƙa ɗaga kai. Dugadugansa dai na sani, ko a mafarki zan gane su."

Ya tsinki ciyawa yana murzawa. Can ya ce, "Wai da gaske suna da kyau?"

Na ce suna da kyau.

Ya ce, "Allah sarki." Ya dafa fartanya ya miƙe, domin hadari ya taso daga gabas kuma da sauran aiki.